Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864) da Tsarin Ilimin Manya na 'Yan Taru

Gabatarwa

A yau idan aka ambaci ilimin manya, abin da ke fara zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne ajin yamma, inda magidanta da matan aure suke zama a kan bencin da 'ya'yansu suka tashi daga kai da rana. A can suke koyon karatu da rubutu da lissafi, ko wata sana'a, domin su sami takardar shaidar da za ta buɗe musu ƙofar aiki a ofis ko kamfani ko wata hukumar tsaro. Da yake wannan siga ta zo ne tare da boko, ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa koyar da babban mutum abu ne da Turawa suka kawo ƙasar Hausa. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Fiye da shekara ɗari kafin a ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, wata malama a Sakkwato ta riga ta shimfiɗa tsarin koyar da manyan mata na karkara. Tsarin yana da malamansa da littattafansa, yana kuma da alamar da ake ba wadda aka amince ta koyar. Wannan malama ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ake wa laƙabi da Uwar Daje.

A darussan adabi an fi sanin ta da waƙoƙi. Wannan babi zai bi tarihin rayuwarta ne ta fuskar aikin koyarwa, da kuma halin yaƙi da rashin tsaro da ya haifar da wannan aiki.

Asali da Haihuwa

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817), mahaifiyarta kuwa Maimuna, uwargidan Shehu. 'Yan biyu aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sunan 'yan biyu za a sa mata, amma sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai guzuri kogo a lokacin hijirar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Maimuna ta rasu Asma'u tana ƙarama ƙwarai, saboda haka renonta ya koma hannun sauran matan Shehu, musamman A'ishatu, wadda ake kira Iya Garka, da Hauwa'u, wato Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan na cikin dalilan shaƙuwar da ta ƙullu tsakaninta da Bello, wanda ya girme ta da shekara goma sha biyu.

Ɗegel ƙauyen malamai ne, kuma karatun mata ba baƙon abu ba ne a zuriyar. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da sufanci da Larabci a cikin gida, a wajen mahaifinta da iyayenta mata da yayarta Hadiza, wadda ita ma malama ce. Ta tashi da Fulatanci a matsayin harshen gida, da Hausa a matsayin harshen kasuwa da maƙwabta, da Larabci a matsayin harshen littafi. Tana kuma jin Buzanci.

Matsayin gidan Shehu game da ilimin mata ya fito fili tun kafin a haife ta, kuma a ƙasar Zamfara abin ya faru. Daga wajen shekarar 1786 Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara, maza da mata suna halartar majalisinsa. Wani malami daga Barno mai suna Mustafa Goni ya zo da waƙa yana sukar wannan al'amari, yana neman a hana mata zuwa. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi, wanda a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, ya mayar da martani. Hujjar Abdullahi ita ce barin mata cikin jahiltar addininsu ɓarna ce da ta fi wadda ake tsoro, kuma ba a cakuɗa su da maza a wajen zama. Ya kawo wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Shi ma Shehu a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san ko hukuncin tsarki ba. A kan wannan ra'ayi aka reni Asma'u.

Hijira da Zaman Zamfara

Ƙuruciyarta ba ta yi tsawo cikin kwanciyar hankali ba. Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokokin da suka taƙaita wa'azi, suka hana maza rawani, suka hana mata lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa al'amura suka ƙara dagulewa, har a watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara goma sha ɗaya. An ɗora littattafai a kan raƙuma, aka bar gidaje da gonaki.

Shekaru huɗu da suka biyo baya na yawo ne da yunwa da zubar da jini. Jama'a sun yi nasara a Tafkin Kwato a watan Yuni na 1804, amma a ƙarshen shekarar aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka kashe mutum kimanin dubu biyu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu. A 1805 suka gangaro Zamfara, suka yi sansani na wasu watanni a Sabon Gari. Da farko Zamfarawa sun karɓe su, domin su ma suna da tsohuwar gaba da Gobir. Sai dai yunwa ta sa mayaƙa suka riƙa kai hannu ga abincin mutanen ƙasa, zumuncin ya lalace. Daga nan aka koma Gwandu, inda aka sake shan wuya a yaƙin Alwasa a ƙarshen wannan shekara. A cikin waɗannan shekaru ne Bello ya ci 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, bayan malamanta sun ƙi miƙa wuya. Wannan ya share fagen kafuwar Gusau a hannun Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, kamar yadda Bunguɗu ita ma ta zama ɗaya daga cikin garuruwan masu goyon bayan jihadi a yankin. An rufe wannan babi na yaƙi da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, da mutuwar Yunfa a watan Oktoba na 1808.

Duk wannan a idon yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha biyar aka yi shi. Ta ga zawarawa da marayu, ta ga yadda mata suke ɗaukar nauyin sansani idan maza sun fita. Shekaru talatin bayan haka, a 1839, ta tsara tarihin waɗannan tafiye-tafiye a waƙar Fulatanci mai suna Filitago, wadda ƙanenta Isa Maikware ya mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye.

Aure da Gidan Waziri

A 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu na 1817. Da sunansa ake kiran unguwar Giɗaɗawa. Gidan Waziri shi ne ofishin daula: a nan ake rubuta wasiƙu zuwa ga sarakunan gabas, a nan ake sauke baƙi. Baturen Ingila Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa har ya mutu a can a 1827, a hannun Giɗaɗo aka damƙa shi. Asma'u ta haifi 'ya'ya maza, cikinsu akwai Abdulƙadir da Abdullahi Bayero, waɗanda dukansu suka riƙe waziranci, da Ahmadu, mahaifin Waziri Buhari.

Bayan rasuwar Shehu ta shiga aikin tattara rubuce-rubucensa da adana su. Aiki ne mai wuya, domin littattafan takardu ne warwara da aka yi ta yawo da su a cikin gafaka daga sansani zuwa sansani. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, ta rubuta shi da Larabci a 1820. A 1822, lokacin da abokan gaba suka matso, Bello ya bar mata wasu baitoci da ya gina a kan haruffan wata aya ta suratul Inshirahi, ita kuma ta amsa masa da nata a kan wannan tsari. Wannan ya nuna irin matsayin da Sarkin Musulmi ya ba ƙanwarsa. Abin da ya iso hannun masu nazari na rubuce-rubucenta ya kai kimanin sittin, cikin Fulatanci da Hausa da Larabci.

Matsalar da ta Tarar

Ba za a fahimci aikin Asma'u ba sai an dubi halin da daula take ciki. Cin Alƙalawa bai kawo ƙarshen yaƙi ba. Bello na hawa gado Abdussalami ya yi tawaye a Kware, ya kuma rasu a Bakura cikin Zamfara a 1818 sakamakon raunin da ya samu. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Kabawa da wasu Zamfarawa da Buzaye sun ci gaba da kai hare-hare. Bello ya yi shekara ashirin yana mulki, kusan duk a kan sirdi, har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda.

Dabarar Bello ta tsaro ita ce ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, waɗanda ake zaunar da mayaƙa da iyalansu a ciki. Shi kansa ya tare a ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837, kuma Asma'u da mijinta sun yi zama tare da shi a can. Bello bai ɗauki tsaro a matsayin ganuwa da mashi kawai ba. A wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa cikin wajiban shugaba ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya rarraba su a garuruwa da ƙauyuka, ya gina ganuwa, ya gyara hanyoyi da kasuwanni. A wajensa garin da ba shi da sana'a da makaranta ba zai tsaya ba, ko da ganuwarsa ta kai ina.

To, amma akwai ɓangaren da wannan tsari bai kai gare shi ba. Yaƙe-yaƙen sun cika gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukansu da matan da aka kamo, Gobirawa da Kabawa da sauransu, wasu bayi, wasu ƙwaraƙwarai. Hausa suke ji, ba Fulatanci ko Larabci ba. Da yawansu sun tashi ne cikin bori, kuma wadda ta rasa miji da gari da dangi a rana ɗaya, abin da ta sani na neman sauƙi shi za ta koma wa. Waɗannan mata su ne masu renon 'ya'yan da za su gaji daular. Malamin zaure ba shi da hanyar isa gare su, littafin Larabci kuma ba shi da amfani a wajensu. Wannan giɓi shi ne Asma'u ta sa gaba.

'Yan Taru

A wajen ƙarshen shekarun 1830, bayan rasuwar Bello, tsarin ya kankama. An kira matan 'Yan Taru, daga kalmar taruwa. Matar aure mai ƙananan 'ya'ya ba za ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki ba, kuma mijinta ba zai yarda ba. Saboda haka Asma'u ta dogara ga rukuni biyu da al'ada ta sake wa mara, wato dattawan mata da suka wuce haihuwa, da 'yan mata da ba a kai ga aurar da su ba. Su ne suke tasowa ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyuka, a ƙasa, zuwa gidanta. Sukan zo da kyautar hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Sukan zauna su ɗauki karatu, su kawo tambayoyin matan da suka baro a gida, sa'an nan su koma su shiga gida-gida suna koyar da abin da suka ɗauko.

Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji. Kalmar ta fatake ce, da ita ake kiran mai jan ayari. Zaɓen sunan ya dace, domin aikin jaji ya haɗa da na malama da na mai tsaron tafiya. Ita za ta karɓi 'ya'yan mutane amana, ta san hanya da masauki, ta kai su ta dawo da su lafiya a ƙasar da mahara ba su daina yawo ba. Ba kowa ake naɗawa ba, sai wadda aka gamsu da karatunta da halinta da yardar mutanen garinta.

Wajen naɗin ne hikimar Asma'u ta fi bayyana. Takan ba jaji malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. A Gobir malfa alama ce ta Inna, wato babbar mace ta gidan sarauta wadda take shugabantar mata da 'yan bori. Duk Bagobira ta san abin da malfa take nufi a kan mace. Asma'u ba ta haramta alamar ba, sai ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. Macen ƙauye da ta hango malfa ta san mai iko ce ta iso, amma abin da ke bakinta yanzu karatu ne.

Ana iya cewa malfar nan ita ce takardar shaidar wannan makaranta. Malaman zaure suna da ijaza, wadda malami yake ba almajiri izinin koyar da littafin da ya sauke, tare da jerin malaman da aka karɓo shi daga gare su. Amma ijaza rubutu ce, sai mai karatu yake gane ta. Malfa kuwa ko makahon harafi ya gan ta ya fahimta. Duk da haka aikinsu ɗaya ne da na takardar da ake bayarwa a yau: wani wanda jama'a suka yarda da shi ya tsaya ya ce ya gwada wannan mutum, ya ga ya iya. Darajar malfa ba daga kabar da aka saƙa ta take ba, daga sunan wadda ta bayar take, da kuma sanin cewa ba ta bayarwa sai ga wadda ta cancanta. Ɗalibin da zai wayi gari yana sa hannu a takardun ɗaliban ajin manya a Tudun Wadan Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, yana da abin dubawa a nan.

Abin da Ake Koyarwa da Yadda Ake Koyar da Shi

Littattafan wannan makaranta waƙoƙi ne. Dalilin a fili yake. Ɗalibar ba ta da lokacin zama da allo, amma tana iya rera waƙa tana daka ko kaɗi ko tafiya rijiya, kuma ƙafiya da karin waƙa suna tsare kalmomi daga sauyawa idan suka bi baki da yawa. Jaji mai karatu takan riƙe rubutacciyar waƙar cikin ajami, sauran kuma su haddace.

Misali mafi sauƙi shi ne waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci talatin kacal. Ta fara yin ta da Fulatanci a 1829, aka sami ta Hausa a 1838, ta Larabci kuma a 1850. Wannan jeri na shekaru yana nuna yadda take sauya harshe gwargwadon wanda ke gabanta. A Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta 1837, ta ɗauko bayanin salihan mata daga Kitabun Nasihati na Bello, tun daga matan Annabi da 'ya'yansa har zuwa irin su Rabi'atul Adawiyya. Sai ta ƙara da matan da masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu a kusa, irin su Iya Garka da Inna Garka da Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu. Ta haka ɗaliba za ta ga cewa abin da ake kira gare shi ba na matan Bagadaza da Basra kaɗai ba ne. Goɗaben Gaskiya, ta 1842, ta ƙunshi shika-shikan addini da halayen da ake so da waɗanda ake ƙi. Tabshirul Ikhwani kuwa, na 1839, littafin Larabci ne a kan magani da ayoyi da addu'o'i, ciki har da abin da ya shafi ciki da haihuwa da ciwon yara. Waɗannan su ne ainihin matsalolin da ke kai mata wajen 'yan bori, kuma ta gane cewa ba a raba mutum da abin da ya dogara da shi sai an ba shi madadi.

Akwai kuma Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, daga baya Isa ya yi mata tahamisi. Waƙar gargaɗi ce ga masu riƙe da iko: sarakunan da ke cin dukiyar talakawa, da alƙalan da ke karɓar hanci, da masu ƙwace gonaki, da masu bautar da 'ya'ya, da masu tauye mudu a kasuwa. Mayar da irin wannan waƙa Hausa ba ƙaramin al'amari ba ne. Ma'anarsa ita ce talaka, har da baiwar da ke cikin gidan basarake, ya ji da kunnensa iyakar da shari'a ta sa wa mai mulki da dogarinsa, kuma daga bakin 'yar Shehu.

Karatun bai tsaya ga haddar baiti ba. Ana sa ran 'yar taru ta iya aikin da al'umma ke buƙata daga mace mai ilimi: koya wa mata alwala da salla, jinyar marasa lafiya, taimakon mai naƙuda, wankan gawar mace, sasanta ma'aurata da kishiyoyi, da tara sadaka don marayu. Ana gane nauyin da Asma'u ta ba waɗannan ayyuka daga marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo da manyan malamai marsiyya, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne ta yi wa matan da ba su da sarauta. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima saboda kyan zama da mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake kira ko da tsakar dare idan mace tana naƙuda ko an yi rasuwa. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin matan da ta naɗa jaji, inda ta tuna yadda take kan hanya da ayarinta a kowane yanayi na shekara, da zafi da damina da hunturu. Ba don waɗannan waƙoƙi ba da sunayen matan nan sun ɓace.

Ya kamata a yi hattara da wuce gona da iri wajen yabo. Tsarin 'Yan Taru bai mayar da dukan matan karkara masu karatu da rubutu ba. Mafi yawan ilimin ta baki yake tafiya, rubutu yana hannun 'yan kaɗan. Haka kuma makaranta ce ta waɗanda suka ci yaƙi, manufarta ita ce shigar da waɗanda aka ci cikin sabon tsari, kuma Asma'u ta yi waƙoƙin murnar nasara da na addu'a a kan abokan gaba. Zuriyar Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suna da nasu labarin waɗannan shekaru, wanda ya sha bamban da na Sakkwato. Masu kiran ta da sunayen ƙungiyoyin 'yancin mata na wannan zamani su ma suna sa mata rigar da ba tata ba, domin ita a cikin shari'a da ɗariƙar Ƙadiriyya ta ga aikinta. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ta dubi ɗalibanta yadda suke, da harshensu da lokacinsu da damuwarsu, ta gina makarantar a kan haka.

Rasuwarta da Abin da ya Biyo Baya

Asma'u ta ga zamanin sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta: Bello, da Abubakar Atiku (1837–1842), da Aliyu Babba (1842–1859), da Ahmadu ɗan Atiku. Sunanta ya kai nesa, har ta yi wa wani malamin Shingiɗi, daga ƙasar Muritaniya ta yau, waƙar maraba da Larabci lokacin da ya sauka Sakkwato. Ta ci gaba da rubutu har ƙarshen rayuwarta. Dalilin Samuwar Allah, wadda ta yi da Hausa, ta 1861 ce. Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Makarantar ba ta mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma 'yarta Tamodi ta ɗora. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka kafa nasu tsarin ilimi, ba tare da sun kula da wannan ba, domin a cikin gidaje yake gudana. Da aka zo Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, aka buɗe azuzuwa a garuruwa da ƙauyuka, hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta lardin Sakkwato, aka kuma riƙa ba waɗanda suka ci jarrabawa takardar shaida, wadda takan taimaka wajen neman ƙananan ayyukan En'e. Sai dai maza ne suka cika azuzuwan. Matsalar isa ga matar da ke cikin gida, wadda Asma'u ta samo wa hanya tun ƙarni guda kafin nan, ita ce ta ci gaba da damun hukumomin da suka biyo baya, tun daga hukumar ilimin manya ta Jihar Kano ta 1980 har zuwa ta ƙasa da aka kafa a 1990.

Rubuce-rubucenta sun tsira ne a gidan Waziri. Ɗan jikanta ta wajen ɗanta Ahmadu bai yi nisa da ita ba: Waziri Junaidu (1906–1997) ɗan Waziri Buhari ne, Buhari kuma jikanta ne. Shi ya buɗe wa Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a ƙasar Sakkwato, gafakar da takardun suke ciki a tsakiyar shekarun 1970. Boyd ta kuma tarar da tsofaffin mata a ƙauyuka waɗanda har lokacin suke riƙe da malfa, suna jan ayari zuwa Hubbare, suna rera waƙoƙin da aka tsara kafin a haifi kakanninsu. Daga wannan bincike ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997, da matanin asali da fassarar Ingilishi. A 2005 wasu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar karatu da taimakon juna, suka sa mata suna 'Yan Taru, suna kuma kiran shugabanninsu jaji.